Shekarar da Kakanku Ya Tambayi Uwar Na'ura

Na san abin da kuka taso kuna ji a gidan kakanku na Abbare, ba sai kun ɓoye mini ba. Cewa ake yi babanku ya yi wa tsoho daɗin baki, ya kwashe shanun gida ya kai kasuwa, ya sayo abin wasan yara. Har abin tsokana aka mai da shi, duk wanda aka cuta a kasuwa sai a ce ya yi cinikin Mai Gem. Kun ji kun haɗiye, wani lokaci ma na gan ku kuna dariya tare da su don kada a ce ba ku san wasa ba. Ban ga laifinku ba, don ba wanda ya gaya muku yadda aka yi. Babanku ne ya sa na yi masa alkawarin ba zan buɗe baki ba muddin yana numfashi. Yanzu ya daɗe a ƙasa, ni ma gwiwoyina sun fara yi mini sallama, saboda haka zan faɗa. Ban taɓa kiran sunansa ba yana da rai, ba kuwa zan fara a takarda ba. Babanku zan riƙa cewa.

Lokacin da aka yanke mana jiha daga Gongola, Jalingo ta cika da ma'aikatan da aka kwaso daga Yola, kowa da iyalinsa da 'ya'yansa masu kuɗin kashewa a aljihu. Babanku gyaran rediyo ya koya, amma idonsa a buɗe yake. Ya share zauren gidanmu na unguwar Turaki, ya jera benci, ya sa talabijin da wasu baƙaƙen na'urori na wasa waɗanda ake cusa wa kaset ta sama, ya sayi ɗan janareto don wutar gwamnati sai ta ga dama take zuwa. Kafin a ce me, zaure ya cika da yara, Mumuye da Jukun da Fulani da 'ya'yan Ibo, kowa da irin Hausarsa, ana ta buga ƙwallo da dambe a cikin gilashi. In kaset ya ƙi tashi sai a zare a hura masa iska a mayar. Ni kuma ina daga cikin gida ina miƙa musu zoɓo da ƙanƙara ta wata 'yar taga da ya fasa mini a bango. Ta wannan tagar na ga duk abin da zan gaya muku. Da wannan zauren aka yi muku suna, da shi aka sa babbarku a makaranta, kuma daga nan sunan Mai Gem ya bi shi, don gem yara suke ce wa wasan.

Babanku yana da wata cuta, wato hasashen gobe. Mutum ne da ba ya iya cin tuwon yau bai yi maganar na jibi ba. Akwai wani ɗan kasuwa, Oga Cletus, mai shagon kayan wuta, shi ke sauka Onica da Ikko ya kawo masa kaset. Yakan haɗo masa da tsofaffin mujallun Turawa masu hotunan na'urorin da ba su fito ba tukuna. Ranar da mujalla ta zo, an gama da ni. Su biyu za su zauna a bakin zaure da la'asar su yi ta musu kamar su za a tambaya a can Japan. A wannan shekarar, biyar ko shida bayan samun jiha, musun ya tsaya kan na'ura biyu. Ɗaya ta kamfanin da ya ƙera waɗanda muke da su ce, ana jiran fitowarta, an ce ƙarfinta ya ninka na kowa, kuma da kaset za ta ci gaba da aiki. Ɗayar ta wani kamfani ce da aka sani da rediyo da talabijin, bai taɓa shiga harkar wasa ba, kuma da faifai take aiki, irin mai walƙiyan nan na kiɗa.

"Mai Gem, ni na faɗa maka," in ji Oga Cletus, "mai rediyo ya tsaya a rediyo nashi. Tsohon hannu shi ne hannu. Wannan sabon inji, ƙarfi nashi ya fi, za ka juya mutum ka ga bayanshi."

"Ban musa ƙarfinta ba, Oga," in ji babanku. "Amma yaro ba ƙarfin inji yake biya ba, sabon wasa yake biya. Kaset ƙera shi wahala ne da tsada. Faifai kuwa kamar waina ne, in tanda ta yi zafi sai dai a yi ta zubawa. Masu ƙirƙiro wasanni inda araha take za su bi, yara kuma su bi bayansu. Shekara biyu na ba ka, za ka ga faifai a tire a kasuwar Jalingo."

Bai tsaya nan ba. Ya ce wata rana ma ba kaset ba faifai, ta igiyar tarho wasan zai riƙa zuwa, yaro yana Jalingo ya buga ƙwallo da yaron da ke Ikko. Na leƙo ta taga na ce mu da sai an yi layi a gidan waya kafin a gaida Yola, a bari mu fara samun tarhon tukuna. Ya yi dariya ya ce ni dai in ji da zoɓona. Ina son shi a irin wannan lokacin, idonsa yakan yi haske, hannuwansa ba sa zama wuri ɗaya.

Abin da ya mai da musun nan daga hira zuwa magana shi ne na'urorinmu sun tsufa. Yaran manyan ma'aikata da suka je hutu Ikko sun fara dawowa suna yatsina fuska. Babanku ya san in bai sabunta ba wani zai riga shi, kuma abin da zaure ke kawowa a baki yake ƙarewa. Wuri ɗaya ne a duniya yake da abin da zai taɓa, garken mahaifinsa.

Sai na gaya muku wane ne kakanku, don ƙananan cikinku ba su riske shi ba. Kowa Bappa yake ce masa, har 'ya'yansa. Ciwon bushiya ya share masa garke tun kafin a kawo ni gidan, ya bar shi da 'yan tsiraru, dukansu zuriyar wata saniya ce da ake kira Wule, wadda ya gada wurin ubansa. Dukiya ta tafi, amma suna bai tafi ba. Daga nesa ake zuwa a ɗauke shi ya duba saniya kafin a saya. Ba ya tambayar kuɗi, ba ya fara duba haƙori, tambayarsa ta fari kullum ita ce wace ce uwarta. Ana cewa bai taɓa kuskure ba, kuma wannan maganar ita ce rawaninsa. Babanku ɗan farinsa ne, saboda haka bisa al'adar Fulani Bappa ba ya kiran sunansa, ba ya zama wuri ɗaya da shi, ba ya duban fuskarsa. Kan zancen zaure kuwa, abin da ya taɓa faɗa kawai shi ne Allah Ya shirya. Babanku bai iya zuwa da kansa ba, aike ya yi ta bakin wani dattijo a roƙa masa shanun, ya zauna yana jiran a ce a'a.

Ran wata Juma'a bayan an sauko masallaci, sai ga Bappa a ƙofar zaure, da malafa da sanda. Ni zoɓon da ke hannuna ma sai da ya zube. Babanku ya sallami yara, ya kashe janareto, aka shimfiɗa tabarma don tsohon ya ƙi benci. Oga Cletus yana nan, ya zo kawo saƙo. Bappa ya zauna ya fuskanci baƙon, ya bar ɗansa durƙushe a gefe, duk maganar da zai yi da Oga Cletus yake yi. Aka buɗe masa mujalla aka nuna masa hotuna biyu. Ya daɗe yana kallo, sannan ya nuna tsohuwar na'urarmu da sanda.

"Wannan baƙin, shi ke ciyar da gidan nan?"

"Shi ne, Baba," in ji Oga Cletus.

"Ya taɓa kwanciya ciwo?"

"Sai dai a hura masa iska ya tashi."

"To, cikin biyun nan wanne ne 'yarshi?"

Oga Cletus ya nuna mai kaset. Bappa ya gyaɗa kai, ya ɗora yatsa a kan ɗaya hoton.

"Wannan fa, wace ce uwarta?"

"Ba shi da uwa, Baba. Masu rediyo ne suka yi, wannan ne na fari."

Tsohon ya sa aka miƙo masa kaset. Ya juya shi, ya matsa da babban yatsa, ya ƙwanƙwasa a ƙasa. Oga Cletus yana da faifan kiɗa a jaka, aka ba shi shi ma. Ya ɗaga shi ga haske, ya ja farce a kai, ya ga zane ya fito. Ya ajiye shi a hankali can gefen tabarma.

"Nagge da ba a san uwarta ba," ya ce, wato saniya, "ko kyauta aka ba ka ba ka kai ta garke. Ga fata kuma ba ƙwari. A gaya wa yaron nan zan ba shi jinin Wule. Amma jini da jini za a musanya. 'Yar baƙin nan zai saya."

Daga nan ya yi abin da ban taɓa gani ba, kafin ranar ko bayanta. Ya juyo ya dubi babanku a ido.

"Ko ba haka ba? Kai ne makiyayinsu."

Ina bayan taga ina kallo. Wata da watanni mutumin nan yana cika mini kunne da zancen faifai, na haddace hujjojinsa kamar karatun allo. Na ga bakinsa ya motsa. Na ga ya dubi faifan da ke gefen tabarma, ya dubi baƙon, ya sunkuyar da kai.

"Haka ne, Bappa."

Da suka tafi ban bari ya cire hula ba. Na tare shi a tsakar gida, raina a ɓace, na ce yau kuma ina bakin ya tafi, shi da ke kayar da Oga Cletus kullum. Ya zauna a kan turmi.

"Asta, tun da aka haife ni yau ya fara shiga inda nake neman abinci ya zauna. Ya duba sana'ata da iyakar sanin da Allah Ya ba shi, ya ce da ni makiyayi. Sai in ce masa bai iya duba ba, a gaban baƙo?"

"To ka bi shi gida ka gaya masa a ɓoye."

"In ce masa me? Asali ba ya aiki a nan? Shi ke nan abin da ya rage masa." Sannan ya ce, "Wa ya sani ma, ƙila ni ne ban hango daidai ba."

Na dubi fuskarsa na san bai yarda da abin da ya faɗa ba. Tsoro ya kama ni tun daga ranar, kuma bai sake ni ba.

Bappa da kansa ya kora shanun zuwa kasuwar Iware, bai bar ko maraƙi ba, don na'urorin da kaset-kaset ɗinsu da sababbin talabijin ba ƙaramin abu za su ci ba. Ƙannen babanku suka yi ta gunaguni, ya ce musu kiwo suka tafi, za su dawo da 'ya'ya. Dangwali, igiyar nan mai madaukai da ake ɗaure maruƙa, bai yar da ita ba. Ya naɗe ta ya rataye a rumfarsa, yana shafa mata man shanu kada ta bushe.

Aka jira har na'urar ta fito, Oga Cletus ya sauka ya kawo. Gaskiya kyakkyawa ce, kuma duk abin da aka faɗa kan ƙarfinta haka yake. Makonnin farko har a waje yara suke tsayawa, zoɓona ba ya kai la'asar. Na fara cewa a raina ƙila tsohon ya yi gaskiya. Amma wasannin da suka zo da ita 'yan kaɗan ne, yara suka cinye su suka fara tambayar sabo. Oga Cletus ya je ya dawo ya ce kaset ɗin ya yi wuya, wanda ya samu kuma tsadarsa ta hana shi taɓawa. Ya sake zuwa ya dawo da guda. Ana cikin haka wani ma'aikaci ya buɗe wa ƙaninsa shago a unguwar Majidaɗi da na'urar masu rediyo, kuma Oga Cletus ɗin nan dai shi ya kawo musu. Ban riƙe shi a zuci ba, ɗan kasuwa inda ruwa ya gangara yake bi. Su can kowane mako da sabon wasa. Faifai ya karce, a jefar a sa wani. Ba a cika shekara biyun da babanku ya faɗa ba na je cefane na ga wani yaro da tire a ka, faifan wasa jere kamar ƙosai. Na dawo gida ban gaya masa ba, ashe shi ya riga ni gani.

Yara ba su da amana a wannan harka, kuma ba laifinsu ba ne. Ɗaya bayan ɗaya suka koma Majidaɗi. Babanku ya rage kuɗin wasa, ya ƙara lokaci, ya yi fenti. Wata rana man janareto ma ba ya fita. Duk Juma'a in ya je gaisuwa Abbare, Bappa, wanda idonsa ya fara rufewa, yakan tambayi wanda ke kusa, a gaban ɗan nasa, ko nagge ta haihu. Babanku ya ce tana nan lafiya, ana sa rai.

Wata Asabar da hantsi sai ga tsohon an riƙo masa sanda har ƙofa. Ba kowa a zauren sai babanku, na'urorin na lulluɓe da tsohon zanena saboda ƙura. Bappa ya zauna a tabarma. Ba ya gani sosai, amma wanda ya yi rayuwarsa a garke ba ya bukatar ido ya san wurin da ba dabba. Ya karkata kai yana saurare, ya daɗe.

"Garken ya yi shiru," ya ce.

"Yara suna makaranta, Bappa."

Asabar ce, kuma tsohon ya san Asabar ce, don a hanya yara suka yi ta gaishe shi. Ya laluba ya taɓa na'urar ta saman zanen, ya shafa ta yadda ake shafa gadon bayan saniya, ya tashi. Tun daga ranar bai ƙara tambayar haihuwa ba. Ko an zo ɗaukarsa duba saniya sai ya ce a nemi wani, idonsa ya tafi. Da damina ta kama ya kwanta, bai tashi ba.

Bayan addu'ar bakwai aka zauna rabon abin da ya bari, ba wani abu ba ne, rumfa ce da tabarmi da 'yar gona. Ƙanin babanku ya shiga ya ciro dangwalin nan, yana ta ƙamshin man shanu, ya ajiye a gaban babanku, jama'a suna kallo.

"Hamma," ya ce, wato yaya, "ga rabonka. Ka ɗaure shanun da ka sayo."

Aka yi ta magana, an ce ya ruɗi tsoho da hotuna, an ce baƙin ciki ne ya kashe Bappa. Babanku bai ɗaga kai ba. Ni ina cikin mata, na yunƙura zan tashi in faɗi wanda ya zaɓa, don da idona na gani kuma Oga Cletus yana da rai. Sai ya ɗago ya dube ni sau ɗaya, na koma na zauna. A hanyar gida na ce masa wallahi sai na faɗa.

"Ki faɗa a ce me? A ce Bappa ya duba saniya ya yi kuskure, har ya rasa jinin Wule? Ni ina da sauran kwana, zan iya ɗauka. Shi ba ya nan balle ya kare kansa. Ki yi mini alkawari."

Na yi masa, ina kuka, ina jin haushinsa, ina jin tausayinsa.

Sauran kwanan da yake taƙama da su ba su gyara komai ba. Aka sayar da talabijin ɗaya bayan ɗaya, aka sayar da janareto, ya koma gyaran rediyo a bakin kasuwa a ƙarƙashin laima. Shanu ba su dawo gidan Abbare ba har yau. Abin da ya fi ci mini rai ba talaucin ba ne, mun saba da shi kafin zaure. Bakinsa ne ya mutu. Mutumin da ba ya gajiya da zancen jibi ya daina cewa ko gobe za a yi ruwa. Oga Cletus ya taɓa kawo masa mujalla, an ce tsofaffin kamfanonin da na rediyon suna shirin sake karawa da sababbin na'urori, ya tambaye shi wa yake gani zai ci. Babanku ya karɓa ya yi godiya, ya ba ni na kunna wuta da ita. Kun san shi a mutum mai shiru, kuna zaton halinsa ne. Ba halinsa ba ne, ba ku dai riski wanda na aura ba.

Kwanan baya jikana ya zauna kusa da ni da waya a hannu yana ta danne-danne, na ce da wa yake faɗa, ya ce ƙwallo suke bugawa da wani abokinsa a Ikko. Na tashi na shiga ɗaki. Ba wanda zan gaya wa.

Akwatin ƙarfen da ke ƙarƙashin gadona, wanda kuke tambaya ina cewa tsummokara ne, na'urar ce a ciki, ita kaɗai ya ƙi sayarwa. Rannan na sa aka jona ta, ta tashi garau ba ko tari. Kakanku bai yi ƙarya ba, jinin mai ƙwari ne. A kanta dangwalin yake a naɗe. Duk shekara in damina ta wuce babanku yakan rufe ƙofa ya ciro shi ya shafa masa man shanu, madauki bayan madauki, ya mayar. Tun da ya rasu ni nake shafawa, yanzu kuma yatsuna sun daina lanƙwasuwa.